Jinsin Nahawu da Matsayin Mace: Tsokaci a Kan Hujjar Harshe a Nazarin Tarihin Matan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tun daga wajejen 1970 nazarin tarihin mata ya zama fage mai zaman kansa a jami'o'i. Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin manazarta wannan fage ita ce dalilin da ya sa rabon aiki da iko tsakanin maza da mata yake bambanta daga wata al'umma zuwa wata. Wasu sun nemi amsa a hanyar neman abinci, wato ko al'umma ta mafarauta ce, ko ta makiyaya, ko ta manoma. Wasu sun neme ta a tsarin gado da na aure, wasu a addini, wasu kuma a mulkin mallaka. Akwai kuma wata amsa da ta shafi masana harshe kai tsaye. Ita ce wadda take cewa nahawun harshe madubi ne na zaman jama'a: inda harshe bai raba namiji da tamace ba, al'ummar ma ba ta raba su ba, inda kuwa ya raba su, rabuwar tana bin mace har gona da kasuwa da fada.

Wannan ra'ayi, wanda za a kira hujjar harshe a wannan maƙala, yana da nauyi a Nijeriya fiye da wurare da yawa. Daga cikin manyan harsunan ƙasar guda uku, Hausa ce kaɗai take da jinsin nahawu. Yarbanci da harshen Ibo ba su da shi, haka ma Barbarci da Fulatanci. Idan hujjar ta tabbata, ke nan an ɗora wa harshen Hausa da kansa alhakin duk wani koma-baya da ake gani a rayuwar matan Hausawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna hujjar da ma'aunin Hausa da tarihin masu ita, sannan ta nuna irin shaidar da harshe yake iya bayarwa a kan tarihin mata da irin wadda ba ya iyawa.

2.0 Hujjar Harshe da Masu Ita

2.1 Ifi Amadiume da Mutanen Nnobi

A 1987 Ifi Amadiume ta fitar da littafinta Male Daughters, Female Husbands a kan garin Nnobi da ke Jihar Anambara a yau. Ta nuna cewa a Nnobi kafin zuwan Turawa, mutumin da bai haifi ɗa namiji ba yana iya tsayar da 'yarsa a matsayin ɗa, ta zauna a gidan uba ta gaji ƙasa. Mace mai dukiya kuma tana iya biyan sadakin wata mace, ta zama di, wato miji ko maigida, a gare ta, ta amfana da aikinta da 'ya'yan da ta haifa. Akwai kuma sarautar Ekwe ta mata masu arziki, wadda take da alaƙa da bautar Idemili. Amadiume ta kawo harshe a matsayin ɗaya daga cikin dalilan wannan sassauci, domin wakilin suna o ko ọ yana tsayawa ga namiji da mace baki ɗaya. Sai dai ba ta jingina komai a kansa ba. Ta ba da muhimmanci ga rashin albarkar ƙasar noma a Nnobi, wanda ya sa tattalin gida ya dogara da sana'a da cinikin mata.

2.2 Oyeronke Oyewumi da Ƙasar Oyo

Wadda ta kai hujjar maƙura ita ce Oyeronke Oyewumi a littafinta The Invention of Women na 1997. A ganinta, Yarabawan Oyo kafin mulkin mallaka ba su da wani rukunin jama'a mai suna mata wanda ake ba wa matsayi saboda halittar jiki. Abin da yake tsara zama shi ne girma, wato wane ne ya riga wani. Manyan shaidunta na harshe ne:

(1) ó: shi ko ita, wọ́n: su, ko mutum ɗaya da ake girmamawa
(2) ẹ̀gbọ́n: wa ko ya; àbúrò: ƙane ko ƙanwa
(3) ọmọ: ɗa ko 'ya
(4) ọba: mai sarauta, ba tare da nuna jinsi ba
(5) ọkọ: ɗan gida, aya: wadda aure ya shigo da ita

Misali na (5) shi ne ginshiƙin bayaninta. Matar da aka auro tana kiran dukkan 'yan gidan da ta shiga ọkọ, har da 'yan'uwan mijinta mata. Saboda haka, in ji ta, fassara ọkọ da miji kuskure ne, domin kalmar tana nuna asali a cikin zuriya ne.

Manazarta irin su Bibi Bakare-Yusuf da J. D. Y. Peel sun yi wa wannan ra'ayi raddi a farkon shekarun 2000. Ƙashin bayan raddin a bayyane yake. Gaskiya ne mace tana iya zama ọkọ, amma a auren mutane namiji ba ya zama aya, domin mace ce take barin gidansu ta tare a gidan miji. Girmanta a sabon gida kuwa daga ranar tarewa ake ƙirga shi, har yaron da aka haifa kafin zuwanta yana gaba da ita. Wato tsarin girma da aka ce ba ruwansa da jinsi yana zaftare wa mace shekarunta, ya bar wa namiji nasa. Haka kuma idan Oro ya fito, mata ne ake tilasta wa shiga ɗaki, kuma harshen bai rasa hanyar faɗin su wa ake nufi ba.

2.3 Masana Tattalin Arziki

Hujjar ta sake ɓullowa ta wata kafa a 2018, lokacin da Pamela Jakiela da Owen Ozier suka fitar da wata takarda ta Bankin Duniya. Sun rarraba harsuna fiye da 4,000 gwargwadon ko suna da jinsin nahawu ko babu, suka kuma sami alaƙa tsakanin jinsin nahawu da ƙarancin shigar mata aikin neman kuɗi da kuma ƙarancin karatunsu. Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka yi wa duban ƙurilla. A waɗannan ƙasashe biyu, mafi yawan masu harshe mai jinsi Hausawa ne. Ke nan Hausa ta tashi daga abin misali ta koma wadda ake tuhuma.

3.0 Jinsi a Nahawun Hausa

Babu musu cewa jinsi ya ratsa nahawun Hausa. Kowane suna tilo ko dai namiji ne ko tamace, kuma ana ganin haka a lamiri da dirka da mahaɗi da sifa:

(6) Yaro ya zo. Yarinya ta zo.
(7) Wando ne. Riga ce.
(8) Wandon Audu. Rigar Audu.
(9) Farin wando. Farar riga.

Hausa ta ma wuce Ingilishi a nan, domin tana raba wanda ake magana da shi: kai da ke, ka da kin. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su.

Na farko, jinsin ba ya shiga jam'i. Su da ku da mu ba su san namiji ko tamace ba, kuma dirkar jam'i ne ce ko da taron mata ake nufi. Haka nan mai magana yana cewa ni, ko namiji ne ko mace.

Na biyu, a sunayen abubuwa marasa rai jinsi yana bin sigar kalma ne fiye da ma'anarta. Mafi yawan sunayen da suka ƙare da wasalin a tamata ne, sauran kuwa maza. Shi ya sa wuƙa da bindiga da garkuwa da sarauta da daula duk tamata ne, alhali turmi da ludayi da murhu da zane maza ne. Wanda ya nemi karanta matsayin mace daga wannan rabo zai tarar da kayan yaƙi a hannun mata, kayan girki a hannun maza. Paul Newman ya nuna a 1979 cewa wasalin a na ƙarshen sunaye tamata ƙari ne da aka yi daga baya don a fito da jinsin da kalmar take da shi tun asali. Wannan al'amari ne na ƙirar kalma, kuma a can bayaninsa yake.

Na uku, tsarin ya girmi duk wani yanayin zama da tarihi ya sani na Hausawa. Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshen babban iyalin Afro-Asiya kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a 1963. Harafin t na tamace da ake ji a ta da ita shi ne dai ake samu a Larabci da harsunan Berber da tsohon harshen Masar. Gado ne na dubban shekaru, wanda ya riga Musulunci da birane da sarautu. Harsunan Cadi da dama sun zubar da shi, Hausa ta riƙe.

4.0 Gwada Hujjar

Idan nahawu ne yake tsara matsayin mace, ko kuma yake nuna shi, to ana sa ran abubuwa uku: masu nahawu ɗaya su yi kama a zamansu, masu nahawu daban su bambanta, sannan sauyin ɗaya ya tafi tare da sauyin ɗayan. Ƙasar Hausa ta ba da damar gwada dukkan ukun.

4.1 Nahawu Ɗaya, Zama Biyu

Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau Hausa suke yi, da lamirinta da dirkarta, babu abin da ya raba nahawunsu da na maƙwabtansu Musulmi. Greenberg ya yi nazarinsu a littafinsa na 1946, Jerome Barkow kuma ya kwatanta matansu da matan Musulmi a 1972. Bamagujiya tana noma a gandun gida, tana da gayaunarta, tana zuwa kasuwa da ƙafarta, tana dafa giya ta sayar. Matar auren Musulmi a ƙauyen da ke kusa ba ta fita gona, cinta da suturarta suna wuyan miji, abin da ta samu a sana'arta kuwa nata ne ita kaɗai. Ana iya yin muhawara a kan wadda ta fi samun sauƙi a cikinsu, domin 'yancin fita na Bamagujiya yana tafe da aiki mai nauyi. Abin da ba ya karɓar muhawara shi ne cewa ta da ce ɗaya suke amfani da su, rayuwarsu kuwa ta sha bamban.

4.2 Zama Ɗaya, Nahawu Biyu

Masana karin harshe sun daɗe da lura cewa a Hausar Zazzau da ta Bauchi jinsin nahawu ya yi rauni ƙwarai, musamman a sunayen abubuwa marasa rai. A can ana jin mota ne da rigan Audu, inda Bakano zai ce mota ce da rigar Audu. A Hausar zangon Gana ma an yi irin wannan zubarwa. Bisa hujjar harshe, kamata ya yi matan birnin Zariya su kasance sun fi na birnin Kano sakewa. Tarihin biranen biyu bai nuna haka ba. Kulle da tsarin aure da na gado iri ɗaya ne a cikin ganuwar Zariya da ta Kano. Raunin jinsi a waɗannan karuruwa ya fi kama da sakamakon cuɗanya da ɗimbin mutanen da suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda harsunansu na asali ba su da wannan rabo.

4.3 Zama Ya Sauya, Nahawu Yana Nan

Wannan gwaji ya fi sauran ƙarfi, domin ya shafi tarihi kai tsaye. Labarin kafuwar Daura ya fara ne da jerin mata masu mulki, ta ƙarshensu Daurama. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci Amina ta Zazzau a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15, ko da yake wasu ruwayoyi suna kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Bayan waɗannan fitattu, akwai sarautun mata na dindindin a fadojin Haɓe: Magajiya a Daura, Inna a Gobir wadda take shugabantar 'yan bori, Iya a fadar Katsinawan Maraɗi. M. G. Smith ya nuna a Government in Zazzau na 1960 cewa a Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, inda sarakunan Haɓen Zazzau suka koma bayan jihadi, mata ne suka ci gaba da riƙe sarautun Iya da Sarauniya. A Zariya kuwa, ƙarƙashin sarakunan Fulani, sarautar Iya ta koma hannun maza 'ya'yan sarki.

Abin da nahawu ya yi a wannan gaɓa yana da ban sha'awa. Kalmar iya uwa take nufi, kuma tamace ce. Da sarautar ta koma ga namiji, sai harshe ya sauya mata mahaɗi ba tare da wata gardama ba: ana cewa Iyan Zazzau ya iso. Nahawu bai kare wa mace kujerarta ba, bai kuma ƙwace ta ba. Siyasa ce ta yanke hukunci, shi kuwa ya bi sahu.

Haka zancen kulle yake. Tarihin Kano ya danganta farkonsa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wato abu ne da ya faro daga fada. Ƙarnoni bayan haka ya kasance alamar gidan sarauta da na malamai da na attajirai. Bazuwarsa a karkara kuwa ta ƙarni na 20 ce. Labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa wajejen 1877 a kan iyakar Kano da Zazzau, wadda kuma Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ya nuna rayuwar rinji inda bayi maza da mata suke noma, matan iyayengijinsu kuwa ba sa zuwa gona. Dokar Lugga ta 1901 ta soke matsayin bauta a gaban shari'a, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, sannan dokar 1936 ta ƙarasa aikin. M. G. Smith ya yi bayanin cewa matan da suka fita daga bauta sun janye daga gona da itace, domin a idon jama'a wannan aikin baiwa ne, zaman gida kuwa shaidar 'yanci. Barbara Cooper ta sami makamancin wannan a Maraɗi a littafinta na 1997. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa kusa da Katsina, ta ƙara da dalilai biyu na zahiri: ruwa yana kusa, ana iya haƙa rijiya a tsakar gida, ga kuma jakuna masu ɗaukar kayan da a wasu wurare kan mace ne yake ɗauka.

Wannan tarihi ya kuma nuna iyakar ra'ayin Ester Boserup na 1970, wanda ya ce inda ake noma da fartanya mata ne manoma, inda ake huɗa da garmar shanu kuwa maza ne suke noma, mata su koma gida. Bahaushe da fartanya da garmar hannu yake noma, garmar shanu sai a zamanin Turawa ta shigo, amma duk da haka matansa suka bar gona. Idan kayan aiki su kaɗai ba su isa bayani ba, sai an haɗa da bauta da daraja da addini da yanayin ƙasa, to ina ga wakilin suna?

4.4 Maƙwabta da Na Nesa

Barbarci ba shi da jinsin nahawu, kuma daular Borno tana da Magira, uwar sarki, da Gumsu, uwargidansa, masu faɗa a ji. Amma Hausa mai jinsi tana da Magajiya da Inna, sannan tsare matan manya a gida sananne ne a Borno kamar yadda yake a Kano. Fulatanci yana raba sunaye zuwa azuzuwa da yawa, ba ya kuma raba namiji da mace a wakilin suna. Duk da haka Bafillatanar ruga mai tallan nono da ta gidan malamai a birni mai zaman kulle harshe ɗaya suke yi. Bambancinsu na kiwo ne da zaman gari. Harshen Buzaye kuwa ya fi Hausa tsananta jinsi, domin yana rufe sunan tamace da t gaba da baya, kamar amghar, dattijo, da tamghart, dattijuwa, yana kuma raba maza da mata har a jam'i. Amma a wurinsu mace ce mai tanti, namiji ne mai rufe fuska, kuma a wasu rassansu ta wajen uwa ake bin sarauta.

A wajen Afirka ma haka abin yake. Turkanci da harshen Finlan duk wakilin suna ɗaya suke da shi ga namiji da mace. Masu na farko su ne suka gina sashen mata na fadar Usmaniyya da ya yi suna wajen tsaro, masu na biyu kuwa suka ba mata ƙuri'a tun 1906. Harshen Aisilan yana da jinsi uku, amma a can aka zaɓi Vigdis Finnbogadottir shugabar ƙasa a 1980. A ƙididdigar Greville Corbett, daga cikin harsuna 257 da ya duba, 145 ba su da jinsi ko kaɗan, 84 ne kawai suke da jinsin da ya dogara da namiji da tamace. Da rashin jinsin nahawu yana nufin daidaito, da mafi yawan al'ummun duniya ba su san fifikon namiji ba.

Game da lissafin Jakiela da Ozier, marubutan sun yi ƙoƙarin cire tasirin addini da wasu dalilai, amma a Nijeriya da Nijar tarkon yana nan. Tunda kusan al'umma ɗaya ce take wakiltar harshe mai jinsi, alƙaluman ba za su iya raba nahawun Hausa da tarihin Hausawa ba, wato bauta da kulle da jinkirin shigar makarantun boko Arewa. Daɗin daɗawa, aikin matar kulle yana da wuyar shiga takardar mai ƙidaya. Hill da Enid Schildkrout sun nuna yadda fura da ƙosai da ƙuliƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula suke fita daga gidaje ta hannun yara 'yan talla, har ya zama akwai kasuwa sukutum a bayan katanga. Matar da za ta ce wa baƙo ba ta aiki tana iya zama uwar adashin unguwa.

5.0 Inda Harshe Yake Ba da Shaida

Rushewar hujjar nahawu ba ta nufin masanin harshe ba shi da abin cewa a tarihin mata. Akwai wurare uku da shaidarsa take da ƙarfi.

Na farko shi ne fassara, kuma a nan Oyewumi ta yi gaskiya. Lokacin da aka rubuta tarihin Yarabawa da Ingilishi, kamar a littafin Samuel Johnson da ya fito a 1921, dole marubuci ya zaɓa wa ọba da ọmọ jinsi, kuma namiji aka fi zaɓa. Ta haka mace mai mulki tana iya ɓacewa a cikin jerin sarakuna ba tare da kowa ya yi niyya ba, kuma ruwayar da take cewa Alafin Orompoto mace ce ta isa ta sa a yi hattara. Hausa tana da irin nata haɗarin. Sarauniya a fadar Haɓe muƙami ne mai zaman kansa, ba matar sarki ba ce, amma kalmar Ingilishi da ake fassara ta da ita ta haɗa ma'anonin biyu. Abin lura kuma shi ne cewa jinsin nahawun Hausa ya yi wa tarihin mata hidima a nan: da Hausa ba ta raba ya da ta ba, da an daɗe ana gardama ko Amina mace ce.

Na biyu shi ne tarihin ma'anar kalma. Magajiya, wadda a dā sarauta ce ta 'yar gidan mulki, ta wayi gari a biranen ƙarni na 20 tana nufin shugabar mata masu zaman kansu. Wannan gangarowa ta ma'ana tana ba da labarin yadda aka fitar da mata daga fada aka bar su da gefen gari. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki kalmar jaji, jagoran ayarin fatake, ta ba matan da take turawa ƙauyuka su karantar da 'yan taru. Wannan kuma hawan ma'ana ne, yana nuna ƙofar da ilimi ya buɗe wa mata a daidai lokacin da ta sarauta take rufewa. A nan ne ake ganin jihadi da fuskoki biyu, kuma kalmomi biyu sun riƙe shaidar kowace fuska.

Na uku shi ne kalmomin zumunta da yadda ake sarrafa su. Ɗan'uwa, wato ɗan uwa, shi ne kalmar ƙauna da kusanci, ɗan uba kuwa ta gasa da kishi ce, alhali al'ummar ta wajen uba take bin zuriya. Uwargida da amarya da kishiya da mowa da bora suna zana taswirar gidan mata da yawa. Ƙawa da uwar ɗaki da ƙanwar rana suna nuna zumuncin da mata suke ƙullawa a tsakaninsu ba da hannun miji ba. Kaka tana kiran jikanta mijinta, jikanyarta kuma kishiyarta, wanda yake nuna cewa ko a harshe mai jinsi ana iya ɗaukar miji a matsayin gurbi, kamar dai ọkọ da di. Rudolf Gaudio ya nuna a 2009 yadda 'yan daudu suke amfani da ke da ta a tsakaninsu. Jinsin nahawu kayan aiki ne a bakin mai magana, yana yabo da shi, yana zagi, yana wasa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta auna ra'ayin da ke cewa jinsin nahawu yana nuna matsayin mace ko yana haifar da shi. An ga Maguzawa da Musulmi suna da nahawu ɗaya da zama biyu, Kano da Zariya suna da zama ɗaya da nahawu biyu, sannan matsayin matan Hausawa ya sauya aƙalla sau biyu, bayan jihadi da bayan soke bauta, ba tare da lamiri ko dirka sun motsa ba. Littattafan Amadiume da Oyewumi sun yi babban aiki wajen hana a ɗauki tarihin matan Turai a daidaita shi a kan matan Afirka, kuma gargaɗinsu a kan fassara yana nan da amfaninsa. Rauninsu, musamman na biyun, shi ne ɗaukar shirun nahawu a matsayin shirun al'umma.

Aikin da yake jiran masana harsunan Nijeriya shi ne tattara kalmomin sarauta da na aure da na sana'ar mata a kowane harshe, a bi sauyin ma'anarsu daga tsofaffin ƙamusu irin na Bargery na 1934 da rubuce-rubucen ajami zuwa bakin mutanen yau, sannan a gwama sakamakon da abin da masana tarihi suka sani na bauta da noma da kasuwa da addini. Kwatanta Iyalode ta Ibadan da Ekwe ta Nnobi da Magira ta Borno da Inna ta Gobir, ta fuskar wanda yake naɗa su da abin da suke iko da shi da lokacin da ƙarfinsu ya ragu, zai fi amfani ga tarihin matan ƙasar nan fiye da ƙirga wakilan suna.